Batirin agogona ya gaji, in haura zuwa mai tsada ko in sake sayen matsakaici?

Dan_Auta ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar agogon zamani, irin wanda ake haɗawa da waya.

Nawa yanzu ya shiga shekara ta huɗu a hannuna, ba zan kama sunan kamfanin ba don ba ƙorafi na zo yi a kansu ba, ya yi min aiki iya gwargwado. Matsalar ta batir ce. Da in na cire shi daga caji da safe yakan kai ni har in kwanta da sauran kusan kashi 30, yanzu kuwa kafin la'asar ya fara nuna min ja, in kuma na kuskura na kunna lissafin tafiya na minti arba'in to shikenan sai dai in ga fuskar ta yi baƙi ƙirin. Abinda yafi damuna shi ne barci, don cikin dalilan da suka sa na saye shi tun farko har da son in riƙa ganin awa nawa nake samu, to yanzu da daddare shi yana kan caja ni ina kan gado, kaga an yi ba a yi ba kenan. Gilashin ma akwai wani ƙarce a kusurwar dama ta sama inda na buge shi da ƙofar mota, duk sanda na ɗaga hannu a nan idona yake fara sauka.

Toh na fara duba sababbi sai kaina ya ɗaure. A jerin Apple kaɗai akwai na dala 249, na 399, na 699 mai jikin taitaniyam, ga Ultra na 799, Samsung su ma sun fito da nasu Ultra a 2024 kan dala 649, Garmin kuwa akwai wanda ya tasam ma dala dubu har ma ya wuce. Zuciyata tana ce min sayen nagari mai da kuɗi gida, in daure in sayi mai ƙarfen kirki da gilashin da ba ya ƙarcewa in huta na shekara takwas ko goma. Amma kuma idan na zauna na lissafa abinda nake yi da shi a gaskiya bai wuce ganin saƙo ba tare da na ciro waya ba, da ƙararrawar nan da ke girgiza hannu ba ta tashi kowa a ɗaki, da ƙirga taku, da nemo wayata idan ta shige ƙarƙashin kujera.

Wai shin mai tsadar nan yana daɗewa kuwa fiye da matsakaicin, ko jikin ne kawai? Kuma tsakanin na shekara huɗu da suka wuce da na bana akwai wani bambanci da zan ji a hannuna? Nagode.

Baba_MaiGyara ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka zo da tambayar da nake so mutane su riƙa yi kafin su biya kuɗi, yawanci sai bayan abu ya lalace suke zuwa yi min ita.

Ni sana'ata gyaran agogo ce tun lokacin da ake wana shi da hannu, daga baya irin naku suka fara zuwa kan teburina. Bari in gaya maka abinda nake gani idan na buɗe. Da yawansu ba su da sukuru a baya ko ɗaya, da gam aka liƙe fuskar, sai na ɗumama shi a hankali gam ɗin ya saki sannan in zura wani siririn ƙarfe in ɗaga, a ƙarƙashi akwai wata waya shafal kamar takarda wadda in hannunka ya ɗan yi rawa ta yage to fuskar ta tafi. Batirin kuma duka-duka bai fi gaɓar babban yatsa ba, wanda ya tsufa sosai zaka ga ya kumbura kamar ɗan matashin kai, shi ne ma yake turo gilashin sama har mai shi ya ce min "Baba agogona ya buɗe baki". Wannan ɗan abin shi ne ran agogon, kuma ba ruwansa da irin ƙarfen da aka kewaye shi da shi.

Apple da kansu sun rubuta cewa an yi batirin agogonsu ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan caji 1000 cikakku. Wanda yake caji kullum ka lissafa, bai cika shekara uku ba ya kai. Naka ko na wane kamfani ne kusan lissafin kenan, don haka bai yi maka laifi ba, lokacinsa ne ya yi.

Maganar ko mai tsada ya fi daɗewa kuwa, ga abinda ya faru a gaban kowa. A watan Afrilun 2015 da Apple suka fito da agogonsu na farko akwai na zinare karat 18 da suka kira Edition, farashinsa daga dala 10,000 har zuwa 17,000. Abinda ke cikinsa shi ne dai abinda ke cikin na dala 349. Shekara ɗaya da wani abu suka daina yin na zinaren, a 2018 sabuwar manhajar watchOS 5 ta fito ba ta hawa kansa, a 2023 kuma suka saka shi a jerin kayan da suka daina gyarawa kwata-kwata. Zinaren yana nan bai yi komai ba, amma agogon da ke cikin zinaren ya riga ya mutu. Wannan abin yana ci min rai wallahi, domin a sanina mutum in ya zuba irin wannan kuɗi a agogo to abin da zai bar wa ɗansa ya saya.

TAG Heuer na Suwizalan su sun san da haka tun farko. Da suka fito da nasu Connected a ƙarshen 2015 kan dala 1,500 sai suka ce bayan shekara biyu kana iya dawo da shi ka ƙara wata 1,500 su ba ka Carrera mai inji na asali. Ka ga su da suka ƙera shi ma ba su ɗauke shi abin ajiya ba. Mai inji kuwa haƙora ne da sifirin da ɗan mai, duk bayan wasu shekaru a wanke a sa masa mai ya ci gaba, wanda ya girmi ubanka ma ana kawo min in tashe shi.

Game da taitaniyam ɗin da kake hange, a Series 10 na Apple misali na alminiyam mai layin waya dala 499 ne, na taitaniyam 699, ƙwaƙwalwa ɗaya, na'urorin awo ɗaya, daɗewar caji ɗaya. Dala 200 ɗin nan kuɗin ƙarfe ne da gilashin safaya. Gilashin kam gaskiya ne yana da wuyar ƙarcewa, ba zan ɓoye maka ba, ƙofar motar nan da wuya ta yi masa tabo. Amma shekara goman da kake so ka huta, ba zai ba ka ita ba.

Dan_Keke ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, na ƙaru sosai, amma da izininka akwai inda zan ɗan saɓa. Kar Dan_Auta ya tafi da cewa duk mai tsada ado ne kawai, don akwai tsadar ado akwai kuma tsadar aiki, ni ta biyun na biya kuma ban yi nadama ba.

Ina tuƙa keke mai nisa, wani lokacin awa biyar shida a hanya. Wanda nake da shi da farko mai araha ne, in na dawo na buɗe taswira sai in ga layin tafiyata ya yi ta karkacewa yana ratsa cikin gine-gine kamar ba a kan titi na bi ba, ga shi in gumi ya jiƙa yatsa kayi ta shafa fuskar ba ta ji, kuma kafin in juyo gida ya mutu, rabin tafiyar babu ita a lissafi. Da na koma Garmin mai maɓallai biyar a gefe da GPS mai kama siginar tauraron ɗan adam ta zango biyu, layin ya dawo kan titi, maɓalli kuma ko da safar hannu kana danna shi ka ji ya shiga.

Amma babban abin shi ne caji, kuma nan nake so ka riƙe lissafin da Baba ya kawo na caji 1000. Ni sau biyu nake caji a wata, wani watan uku in na yi tafiya da yawa. Kaga a shekara ban kai 40 ba, kai kuma kana yin 365. Eh na sani batir yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, amma nisan da ke tsakaninmu ba kaɗan bane. Toh in dai daɗewa kake nema ɗan'uwa, kar ka kalli ƙarfen jiki, ka kalli kwana nawa yake yi kafin ya nemi caja.

Apple tun 2015 awa 18 suke faɗa, haka aka yi ta tafiya har Series 10, sai a 2025 Series 11 ya koma 24, Ultra na farko a 2022 awa 36. Ba wai sun kasa bane, fuska ce mai haske sosai da ƙwaƙwalwa mai ƙarfi da manhajoji rututu, duk suna shan wuta. Irin nawa fuskar ba ta da wannan ƙyallin, hasken rana take amfani da shi, in rana ta ƙwalle ma ta fi fitowa, a ɗaki kuma dishi-dishi take sai ka kunna fitilarta. Huawei da Amazfit su ma suna da masu yin kusan sati biyu kuma ba su da tsada, sirrin dai manhaja ce mara nauyi. Abinda zaka rasa shi ne yawan abubuwan yi, amsa saƙo ba daɗi kamar a na Apple ko Samsung, wasu ma karantawa kawai zaka yi. Amma da na duba abubuwa huɗun da ka lissafa, saƙo da ƙararrawa da taku da neman waya, wlh babu wanda mai sati biyu ba ya yi, ga barcin da kake so ka auna shi ma ya samu tunda ba ya kwana a caja.

In faɗi gaskiya kuma Garmin ɗin ma sun shiga wasan manya, jerin MARQ da suka fito da shi a 2019 daga dala 1,500 ya fara, wannan kam maganar Baba ta hau kansa daidai.

Anti_Nas ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ƙanena Dan_Auta ni ta ɓangaren lafiya zan shigo, don na lura yanzu da ita ake tallan agogon nan, kowace shekara a ce an ƙara wani awo, mutum ya ji kamar in bai sabunta ba ya yi wasa da ransa.

Ka juya agogonka ka ga koren hasken nan da ke ƙiftawa a baya. Jini yana shanye koren haske, to duk bugun zuciya jinin da ke wuyan hannu yana ƙaruwa ya ragu, na'urar tana ƙirga wannan canjin ne. Shi ya sa in maɗaurin ya yi sako-sako ko hannu yana ta motsi ko akwai zane mai duhu a fatar wurin sai lambar ta rikice. Wannan awon naka na shekara huɗu yana yinsa, na bana ma shi yake yi, an dai ɗan gyara. Awon lantarkin zuciya da ake ɗora yatsa a maɓalli na daƙiƙa 30 kuwa tun Series 4 na 2018 Apple suke da shi, na iskar oksijin a jini tun Series 6 na 2020, na zafin jiki 2022. Kaga manyan sun daɗe da zuwa, in naka yana da su to abinda aka ƙara daga baya ba shi da yawa.

Yana da amfani kam, ba zan rage masa ba. Jami'ar Stanford ta yi bincike da mutum sama da 400,000 masu ɗaura Apple Watch, aka wallafa a 2019, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne suka samu gargaɗin cewa bugunsu ba ya tafiya daidai, kuma cikin waɗanda aka bi aka auna an samu masu matsalar da gaske. Irin wannan rikicewar bugun tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki kuma mutum yana iya yawo da ita bai sani ba. Amma dan Allah a riƙe wannan, na agogo layi ɗaya yake aunawa, na asibiti da muke manna wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa layi 12 ne, kuma agogo ba ya gano ciwon zuciya irin mai kisa farat ɗaya, su kansu masu yin sa sun rubuta haka. Na taɓa karɓar wani bawan Allah da ya kwana da ciwon ƙirji yana ta ɗora yatsa a agogo yana ganin an ce lafiya, sai da gari ya waye gumi ya rufe shi sannan aka kawo shi. Allah ya sa yana da sauran kwana. In ƙirji ya riƙe asibiti ake tafiya ko me agogo ya ce.

Na hawan jini kuma, na Samsung sai ka daidaita shi da na'urar awo ta gaske mai matse dantse duk bayan sati huɗu, in ba haka ba ba ya aiki. Na Apple da aka ƙara a 2025 ba ya ba ka lamba, yana lura ne na tsawon kwana 30 ya ce maka akwai alama je a duba ka. Huawei suna da Watch D mai ɗan famfo a cikin maɗauri yana hura iska ya matse hannu, shi ya fi kusa da yadda muke aunawa.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na suga. Akwai agogunan da ake tallatawa a intanet wai suna auna suga ba tare da an huda fata ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a Fabrairun 2024 cewa ba ta amince da ko ɗaya ba, agogo ko zobe. Mai ciwon suga in ya dogara da lambar ƙarya ya yi allurar insulin a kanta zai iya rasa ransa. Duk wanda ke da iyaye masu wannan lalura ya kula kar a saya musu shi da sunan gata.

Ni in za a tambaye ni me nake so a agogo, wanda mutum zai iya kwana da shi ne, don bugun zuciya na lokacin barci da numfashi su ne suka fi nuna canji, wanda ke kan caja da daddare kuwa bai auna komai ba.

Mai_Tsari ya rubuta:

Jama'a ku yi haƙuri amma ni ban ga laifin mutum ya sayi abu don kyansa ba. Araha ba ta ado. Abu ne da ke hannunka daga safe har dare, kowa ka miƙa wa hannu shi yake fara gani, in kana da hali kuma ranka yana so meye aibu? Ni na taitaniyam nake ɗaurawa kuma na san sarai nan da shekara biyar zan ajiye shi, kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa. Bai da nauyi, bai ƙarce ba, ina jin daɗinsa kullum, wannan ma ai amfani ne.

Inda na yarda da Baba shi ne kar mutum ya yaudari kansa cewa jari ya ajiye. Kuma abinda na gano, in dai ado kake so to a maɗauri ya kamata kuɗin ya tafi. Maɗaurin Apple na 2015 har yau yana shiga sababbin in ka dace da girman, ina da na fata da na ƙarfe da suka ga agogo uku sun wuce suna nan. Haɗin gwiwarsu da Hermès, kamfanin kayan fata na alfarma, ma da ya fara a 2015 kan dala 1,100 kuma yake nan har yanzu alhali na zinaren ya mutu, inaga dalilin kenan, fatar ce ake saya. Kamfanin bincike na Strategy Analytics ya ƙiyasta cewa a 2019 Apple sun sayar da agogo wajen miliyan 31, duka masana'antar Suwizalan kuma wajen miliyan 21, toh hannun da da ake ɗaura Rolex ko Omega yanzu wannan ne a kai, dole masu kuɗi su nemi wanda zai bambanta su.

Dan_Auta ya rubuta:

Kai Allah ya saka da alheri, Baba da Anti da sauran yayyena, gsky ban zaci zan samu bayani haka ba. Maganar kwana nawa yake yi kafin caji ta shige ni sosai, ban taɓa haɗa ta da tsawon ran batir ba. Anti na gode da maganar suga, akwai wanda na san yana shirin sayen irinsa, yau ɗin nan zan kira shi.

Saura abu ɗaya. Wani abokina ya ce min wasu sai ka riƙa biyan kuɗin wata kafin ka ga bayanan jikinka, kuma wai in na canza waya agogon zai iya ƙin aiki. Haka ne?

Injiniya_M ya rubuta:

Haka ne malam, kuma wannan shi ne farashin da ba a rubutawa a jikin kwali.

Na waya tukuna. Apple Watch sai da iPhone, babu wata dabara. Samsung tun da suka bar manhajarsu ta Tizen suka koma Wear OS a Galaxy Watch 4 na 2021 ba ya haɗuwa da iPhone, Pixel Watch ma Android kawai. Garmin da Amazfit da Huawei su suna bin kowane ɓangare, sai dai a iPhone ana taƙaita musu wasu abubuwa kamar amsa saƙo. Don haka in ka zuba dala 800 a agogo to ka ɗaure kanka da irin wayar har ya mutu, kuma kamfanonin sun san da haka sarai.

Kuɗin wata kuma Fitbit sun fito da tsarinsu na Premium kan dala 9.99, zoben Oura 5.99, Whoop ma gabaɗaya tsarinsu biyan shekara ne in ka daina biya abin hannun ya zama banza. Garmin da ake yabonsu cewa sau ɗaya kake biya su ma a Maris 2025 suka fito da Connect+ dala 6.99, sun ce abubuwan da ake samu kyauta suna nan kyauta, amma mutanensu sun yi ta ƙorafi don suna tsoron sababbin abubuwa can za a riƙa kaiwa. Ka ninka 9.99 sau 48 ka gani, a shekara huɗu ya fi kuɗin agogon matsakaici.

Abinda ni nake dubawa kafin komai shi ne shekara nawa za a yi ana sabunta masa manhaja. Google shekara uku suke alkawari a Pixel Watch, Samsung huɗu. Apple ba sa faɗar adadi amma ana gani a aikace, watchOS 11 na 2024 ya bar Series 4 da 5 a baya. Ka lura da Series 5 ɗin nan, a 2019 akwai na alminiyam dala 399, na taitaniyam 799, na tangaran 1,299, rana ɗaya aka yanke musu gabaɗaya, ba a ce mai tangaran ya biya da yawa a ƙara masa shekara ba. Wani lokacin ma kamfanin ne ke ficewa, Fossil sun sanar a farkon 2024 cewa sun bar harkar agogon zamani.

Labarin da nake so ka sani shi ne na Pebble. A 2012 suka nemi tallafin jama'a a shafin Kickstarter suka tara sama da dala miliyan 10, agogo ne na roba mai fuska fari da baƙi, maɓallai huɗu, yana sati bai nemi caji ba, aikinsa saƙo da ƙararrawa da sarrafa waƙa. Kamfanin ya durƙushe a ƙarshen 2016 Fitbit suka sayi abinda ya rage, a 2018 aka kashe sabar, wato kwamfutocin kamfanin da agogon ke dogara da su ta intanet, daga baya Google suka saye Fitbit ɗin kan dala biliyan 2.1. Amma masu agogon suka ƙi ajiye shi, wasu 'yan sa kai da ake kira Rebble suka kafa tasu sabar suka ci gaba da riƙe shi shekara da shekaru, har a Janairun 2025 Google suka saki manhajar kowa ya ɗauka, wanda ya kafa kamfanin Eric Migicovsky ya dawo yana ƙera sababbi. Mutane sun yi kusan shekara goma suna lallaɓa agogon roba na dala 150, na zinaren dala 17,000 kuma ba wanda ya tashi ceto shi. Ni daga nan na fahimci abinda masu saye suke so, ba girin-girin ba ta yi mai.

Game da tambayarka ta ɗazu ko zaka ji bambanci, daga na shekara huɗu zuwa na bana zaka ji, fuska ta fi girma da haske, caji ya fi sauri, buɗe abu ba jira. Daga na bara zuwa na bana ne ba zaka ji komai ba, Series 6 da 7 da 8 kusan ƙwaƙwalwa ɗaya aka yi ta maimaitawa shekara uku. Sannan ka duba ko ana iya buɗe shi, Pixel Watch uku na farko in gilashi ya fashe ba a gyarawa sai dai a musanya, sai a na huɗu suka sa sukuru yadda za a iya canza batir da fuska. Kafin ka sayi komai ma shiga saitin naka ka nemi lafiyar batir ka gaya mana kashi nawa ya nuna.

Dan_Auta ya rubuta:

Na duba yanzun nan, 74 ya nuna. Kuma har watan jiya an turo masa sabuntawa. Baba in na canza batir kawai zai ƙara kai ni ko ɓarnar kuɗi ce?

Baba_MaiGyara ya rubuta:

Tunda har yanzu ana turo masa manhaja to canza batirin ɗana, zai ƙara maka kamar shekara biyu. Ka fara tambayar kamfanin nawa suke karɓa, in bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabo ba ka ba su, don su suna da injin gwada ko ruwa zai shiga bayan an rufe. In wajen mai gyara irina zaka kai, ka tsaya ka ga batirin da zai saka da ranar da aka ƙera shi a jiki, kar a saka maka wanda ya shekara uku a ajiye, kuma ka ce ya sa sabon gam na zagayen fuskar ba ya maida tsohon ba. Bayan nan wanke hannu da yayyafi ba komai, amma kar ka ƙara shiga iyo ko wanka da ruwan zafi da shi.

Kafin ka kai, kwantar da shi a tebur ka kalle shi ta gefe saitin ido. In ka ga gilashin ya ɗan ɗaga ko da kaurin farce ne, to batirin ya kumbura, kar ka sake ɗora shi a caja daren nan kuma kar ka danna shi ka ce zaka maida shi.